Darasin Ranar Laraba

Ƙarfe takwas a Bradford, gari na ta jan ƙafa kan wayewa.
Na sauko daga bas da gajiyar aikin dare,
na ture kwanon jiya gefe,
na buɗe kwamfuta a teburin kicin.
Can Gwaram tara ta buga.
Su bakwai a benci ɗaya, sun matsu cikin wayar Bawale
wadda aka jingina da kwalin safar hannu.

Na ce, ban zo muku da sabon magani ba.
Neman jijiya a duhu kun fi ni iyawa.
Abin da na kawo na baki ne:
kira suna, faɗi buƙata,
wanda ya ji ya maimaita.
"Tsahare, ƙarin ruwa, leda ɗaya."
"Leda ɗaya, na ji."
Benci ya kwashe da dariya, ban da Likita Nafi'u.
Ya gyara gilashi ya ce, "Sista, yara kika mai da mu?"

Sai layi ya yanke.
Fuskarsa ta daskare a allo, baki a buɗe.
Na zauna da shayin da ya huce
ina kallon ruwa na bin bulon jan gidan maƙwabta.

Cikin shirun nan shekara goma sha tara suka dawo.
Ɗakin haihuwa, babu wuta, tocila a haƙorana.
Na ga jini ya wuce inda ya saba tsayawa,
na ga ƙeyar babban likita,
na haɗiye maganata ɗungurungum,
don an rene ni a kan ƙarami ba ya gyara wa babba zama.
Sunanta Ladiyo. Ɗan ya rayu.
Ladabi muka kira abin a lokacin.
Har yau ina neman sunan da zai bar ni in yi barci.

Makona na biyu a garin nan,
Desmond mai tura gado ya tare likitan fiɗa a ƙofa:
"Dakata, takardar ta ce ƙafar hagu."
Na jira sama ta faɗo.
Mutumin ya duba, ya yi godiya, aka wuce.
Kada a ce nan aljanna ce.
Ko daren jiya sau biyu na yi magana
aka yi kamar iska ce ta taɓa labule,
sai da wata mai irin harshensu ta maimaita.

Da layi ya dawo, ba su jira ni ba.
Inna Uwale mai wanki ce tsaye, tsintsiya a hammata:
"Zannuwan gado a hannuna suke ƙarewa.
Tun kafin ku auna na san wanda ya sha jini fiye da kima.
Shekara tara ina nan.
Wa ya taɓa tambayata?"

Babu wanda ya yi tari.
Wani zakara ya yi cara a bayan katangar asibitin,
na ji shi har Ingila.
Likita ya cire gilashin, ya daɗe yana goge shi da gefen riga.
"Inna, in kin gani, ki kira ni. Da sunana."
"Nafi'u," ta ce, a hankali,
kamar mai gwada sabon takalmi a tsakar kasuwa.
Ya ce, "Na ji."

Bawale ya leƙo, katinsa ya kusa ƙarewa.
Sai Laraba, in Allah ya kai mu.

Na rufe kwamfuta, na kwance igiyar takalmi,
na ja labule a kan hasken da ya makara.
Sannan na tsaya tsakiyar kicin
na faɗa da ƙarfi, kamar yadda nake koyarwa:
"Likita, jinin ya yi yawa."

Firji kaɗai ke gunji.
Na jira a maimaita.