Lissafin Daren Laraba

Da reza na yanke ta daga kwalin shayi,
'yar takardar rangwame, faɗin yatsa uku.
Kwana tara tana kwance a cikin hulata.

A kantin nan na Tudun Wada, Gusau,
na miƙa wa yarinyar da ke bakin na'ura.
Ta ce wa'adinta tun jiya ya cika.
Canjina kuwa, minti biyu ta ba ni,
wai babu hamsin.

Da dare Saude ta haska rasit da tocila:
sabulu ɗaya muka saya, an rubuta biyu.
Na tuna Inna Kulu ta tsohuwar kasuwa,
mai cika mudu ya yi tozo, ta ƙara gyara.
Na'ura ba ta san gyara ba.

Ina laluben takalmi ke nan
Saude ta ce, “Dakata, Malam.
Gwangwanin madarar nan fa? Ba ya cikin takarda.”

Muka yi shiru muna kallonsa.
Ya fi sabulu tsada.

Gobe dai zan koma,
sai dai ban san da wace fuska ba,
ta mai bin bashi
ko ta wanda ake bi.