Takardar Naɗe Tsire

Ni ba malami ba ne, tsire nake gasawa
a bakin titin Kakuri, jikin masaƙar da ta mutu ta bar mu.
Duk Litinin nakan auno tsofaffin jaridu, kilo biyu,
in yayyaga su gida huɗu.
Kafin in naɗe wa mutum namansa
idona kan saci layi biyu ko uku.

A haka na gamu da zakaran nan.
Wai a wata unguwa, maiƙo ya cinye sunanta,
an kai ƙarar zakara don ya yi cara ƙarfe biyu na dare,
aka ɗaure shi a harabar ofis kwana uku,
igiya a ƙafa, ba tsaba, ba ruwa.
Mai sayen nama ya yi dariya har yaji ya sarƙe shi.
Ni ma na dara.
Sai da na kwanta tambayar ta biyo ni:
wa ya taɓa saya wa zakara agogo?

Wani gutsuren ya ce an ba tsoho shekara biyu
saboda doya uku.
Na lissafa da tsinke a kan tire:
wata takwas kowace doya.
A bayan takardar, daidai ƙeyar tsohon,
ga wani da babbar riga yana ɗaga wa jama'a hannu,
kuɗin asibiti guda sun yi ɓatan dabo a ofishinsa,
an sallame shi ya je ya huta, wai jininsa ya hau.
Takarda ɗaya ce, wallahi.
Na juya, na sake juyawa,
abin da ke tsakaninsu bai kai kaurin ɓawon albasa ba.

Akwai na yarinyar da aka sa tsallen kwaɗo da rana tsaka
don ta zo makaranta da takalmi wari da wari.
Ko ta suma, ko ta tashi, ban sani ba,
nan takardar ta yage.
Kullum nan take yagewa.
Ƙarshen labarin yana hannun wani,
ya tafi da shi Barnawa ko Tudun Wada,
ya lashe yajin, ya jefa a kwata.

Ina tsaki, ina cewa tausayi ya ƙaura daga duniya,
sai Sallau ya miƙo mini gawayi.
Da hagu ya miƙo.
Daman yana ɓoye a bayansa tun bara.

Bara ɗari biyar ta ɓace a gwangwanin ciniki.
Sau ɗaya na tambaya.
Na zaro ƙarfen da nake tona garwashi,
ban tsaya jin ko ya huce ba.
Mutane suka taru. Wani ya ce, ƙara masa,
icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Kwana biyu bayan nan Ladidi tana wanki
ta zaro ɗari biyar daga aljihun rigata, a jiƙe, a ninke.
Ta dube ni.
Na dubi bokiti.

Na saya masa shayi mai kauri da burodi.
Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba.

Ba jaridar da ta buga wannan.
Da an buga, da wani mai tsire a wani gari
ya yaga ni gida huɗu,
ya karanta rabina,
ya ce, wannan wane irin azzalumi ne?

Ɗazu na ce, Sallau, zo.
Ya zo, ya tsaya nesa da wuta, yadda ya saba yanzu.
Maganar na bakina, da nauyi kamar dutsen niƙa,
sai mota ta tsaya:
na dubu biyu, a cika yaji, ina sauri.

Na jawo takarda.
Ban karanta ba.