Ƙugiyar Baya

A bakin gadar Binuwai, ranar kasuwar Pitowa,
saniya ta tsallaka titi ba sallama.
Alhaji Bobbo ya taka birki,
Hayatu kuwa idonsa na kan canjin fasinja.

Ƙara ɗaya. Sai shiru, sai ɗigar ruwan lagireto.

Da la'asar aka jawo mini su gareji.
Hilus ɗin Alhaji ko gezau:
ƙugiyar nan ta baya, mai kai kamar dunƙulen hannu,
ɗan rawayan fenti kawai ta lasa.
Tasin Hayatu ta naɗe hanci
kamar gwangwanin madara da jaki ya taka,
rami a goshinta, hannuna ya shige har gwiwa.

'Yan kallo suka ce, ƙarfe ya yi!
Alhaji ya shafa ƙugiyarsa.

Kwana uku ina bugun tasi da guduma,
Hayatu na kan tsohuwar taya, garau,
yana ɓare gyaɗa, yana lissafin sefa.
Motarsa ta shanye dukan, ta bar masa haƙarƙarinsa.

Rana ta huɗu Alhaji ya dawo.
Na kira shi ta hagu,
ya juyo da jiki duka, kafaɗa da ƙafa,
wuya a sandare cikin farin ɗaurin asibiti.
Ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa bai riƙe komai ba,
miƙa dukan ya yi gaba.

Na leƙa ƙasan Hilus:
shasi ya karkace, kaurin yatsa.
Ban faɗa masa ba tukuna.
Bari ya gama shayinsa.