Rairayi a Aljihun Babayo

Shekara talatin ina kan keken ɗinki
a bayan Tsohuwar Kasuwa, nan Gombe.
Na fitar da aska takwas a ƙirjin manya,
na san shadda da taɓin yatsa ko a duhu.
Sai ga ɗana Babayo ya faɗo shago
da rigar gwanjo mai hoton teku.

Shuɗiya ce, ta koɗe a kafaɗa.
Bishiyar kwakwa biyu sun karkace,
ga wani siririn mutum tsaye kan allo,
ruwa ya yi masa rumfa zai haɗiye shi.
Wando iya gwiwa, aljihu har huɗu,
silifas ɗan soso, maɓalli a buɗe,
hula kuwa an juya bakinta ƙeya
kamar ta yi fushi da goshinsa.

Na ce, "Kai, ina ruwan biri da gada?
Mu da ruwanmu sai na Dadin Kowa,
shi ma sai ran da famfo ya ga dama.
Wa ya taɓa hawan igiyar ruwa a Jekadafari?"
Ya ce, "Baba, zafi ne. Taɓa ka ji,
iska ta nan take shiga, ta fita ta can."
Ban taɓa ba.
Na ci gaba da taka keke.

A majalisa suka naɗa shi Sarkin Ruwa,
shi da in kwari ya kawo da damina
sai ya tsaya a gaɓa yana salati.
Bai damu ba. Ya wanke ta da dare,
ya shanya, da safe ya mayar.

Ran Laraba ƙusar benci ta kama ta,
ta tsaga igiyar ruwan gida biyu.
Bayan isha ya ajiye ta kan teburina,
bai ce uffan ba, ni ma ban ɗaga kai ba.

Da ya fita na kunna fitila.
Shuɗin zare kala uku na gwada,
babu wanda ya dace da ruwan mutanen nan.
Ina juya aljihu, sai ga rairayi
ya maƙale a lungun ɗinki,
fari, mai laushi kamar garin tuwo,
ba irin na kwarinmu ba,
da ɓallin kwanson wani abu
bai kai farcen jariri ba.

Na ɗora a harshe. Gishiri.
Ko na teku ne, ko zufar ɗana,
wallahi ban sani ba.

Na daɗe zaune.
Wane ne ya sa ta kafin dila ta kawo ta?
Ya iya tsayuwa kan allon, ko faɗuwa yake?
Shi ma yana da uba mai faɗa?

Na haɗa ruwan da ruwa a hankali,
sai dai hannu ba ya manta gidansu:
bakin igiyar ya fito da tsinin aska.

Kafin in ninke, na leƙa titi, ba kowa.
Na tuɓe jamfata, na zura ta.
Ta matse ni a ciki, ta yi mini dariya.
Amma yaron bai yi ƙarya ba,
ta nan take shiga, ta fita ta can.

Rairayin yana cikin gwangwanin maɓallai.
Ban gaya masa ba.