Sakan Arba'in

Sakan arba'in kacal suka saki,
tsakuren fim ɗin da ba zai fito ba sai bayan Kirsimeti,
amma shagon cajin waya na Davou a Taminus
kwana uku ke nan bai huta da gardama ba.

Me aka gani? Ruwa kore shar, shiru kamar an ɗaure shi.
Sai wani dogon wuya na ƙarfe ya ɓullo,
tsatsa na zuba daga haƙoransa,
ido ɗaya a goshi, ja wur,
da wani amo, ƙiiii, mai kashe haƙori kamar tsamiya.
Sai duhu. Sai suna. Shi ke nan.

Jibo ya rantse har da dafa ƙirji:
"Wannan wuyan daga Japan aka kwaso shi,
na ga irinsa a zanen da ƙanena ke kallo."
Nanret, mai karatun fim, ta ja tsaki,
ta mai da hoton baya da ɗan yatsa:
"Ku dubi inuwar. Ku dubi yadda gaɓar ta karkace.
Aikin Jamusawan da ne, tun fim bai iya magana ba."
Wani ɗan a-daidaita da ya shigo karɓar batir
ya ce duk kun yi nisan kiwo,
dodon tatsuniya ne aka sa wa rigar kwano.
Aka yi dariya. Ba wanda ya matsa masa a benci.

Ni ina gefe, ina jiran wayata ta kai rabi,
sanyin Jos na cin yatsun ƙafata.
Ban ce uffan ba.
Wa zai tambayi tsohon tela
labarin halittar da ta faɗo daga wata duniya?

Amma na san Sallau tun bai san kyamara ba.
Katanga ɗaya ta raba mu a Bukuru.
Ubansa ya tsufa a kan injin haƙar kuza,
mai dogon wuyan nan,
wanda kamfani ya tafi ya bari a bakin rami
kamar raƙumin da aka manta a kasuwa.
Damina ta cika ramin. Ruwan ya yi kore.
Muka hana yara zuwa,
yaro kuwa hani ne ke yi masa jagora.

Wata Laraba suka tafi su biyu, shi da wansa Iliya.
Ɗaya ya dawo, ba takalmi, ba baki.
Dare biyu ana laluben ruwa da gora,
uban da tocila ɗaure a goshi
har batir ya mutu, haskenta ya koma ja.
Iska na kaɗa igiyar injin a samanmu.
Ƙiiii.
Sallau na tsugune a kan tulin ƙasa, yana kallo.
Ba wanda ya tuna ya kore shi gida.
Ni na yanka likkafanin. Ko yadi huɗu bai ci ba.

Ban ce Nanret ta yi kuskure ba.
Yaron ya yi karatu, ya ga abin da ban gani ba,
mai yiwuwa Jamusawan ne suka ara masa inuwa.
Ana aron tukunya ai.
Abin da ke tafasa a ciki ne ba a ara.

"Baba," in ji Davou, "kai fa, daga ina ka ce?"
Na ce, "Nawa ne kuɗin cajin?"
Na biya, na ja hulata ta rufe kunne.

Amma ran da zai fito zan sayi tikiti,
in zauna can baya, kusa da ƙofa.
Ba dodon zan je gani ba; mun san juna.
So nake in ga ko a wannan karon
su biyu za su dawo.