Yatsu Huɗu

Daren Alhamis na zare itacen ƙarshe,
na bar tanda ta huce da kanta.
Ba a watsa mata ruwa, in ji Baba,
mai fushi in ka tsoma shi a randa
tsagewa yake yi.

Da safe, Tawa ba ta gama miƙa ba,
na jingina tsani a bayan shago,
mataki na uku har yau yana kuka.
Sarƙar tsohon keke, dutse a bakinta,
buhu yagagge na ɗaure a tsakiya,
na zura su cikin bututun hayaƙi,
in saki, in ja, in saki, in ja,
kamar mai neman guga a rijiya.

Daga ƙasa Arzika yana ihu:
Ta zubo! Ta zubo!
Kunkunniyar wata bakwai ke nan,
ɓawo-ɓawo, mai maiƙo, mai ɗaci,
ta cika tasa biyu da ƙwarya.
Ya fito, haƙora kaɗai ake gani,
ya yi atishawa, ya zagi bedi.

Gaskiyarsa. Laifin ɗanyen ice ne.
Tun da ƙirya ta yi mana nisa,
marke ya zama sai mai jikka,
abin da amalanke ta kawo shi muke saye.
Ɗanye yana hawaye cikin wuta,
hawayen ya hau, ya daskare a wuya,
sai tanda ta fara mayar da numfashi,
burodi ya fito da warin gobara,
masu shayi su ɗaga shi, su sunsuna,
su ajiye, su ce gobe.

Tokar kuwa tana da mai ita.
Tambara ta aiko jikarta da bokiti,
ba ta biya, ba mu taɓa tambaya ba.

Sai laka.
Jar ƙasa daga bakin tabki,
kashin jaki busasshe, ƙaiƙayin gero,
kwana uku tana kwance tana tsima.
Na tuɓe riga, na shiga da rarrafe,
fitila a baki, gwiwa bisa tubali,
ɗumin jiya bai gama fita ba.
Tsaga tana farawa kamar gashi,
ka ƙyale ta, ta zama hanya,
zafin da ka saya da kuɗinka
ya bi ta can ya tafi yawo.

Ina bin ta da ɗan yatsa, ina cusawa,
har can ƙurya, inda rufi ya sunkuyo,
nan fitila ta faɗa a kansa:
tafin hannu a cikin gasasshiyar laka,
yatsu huɗu.
Na biyar gatari ya ɗauke
tun ban san sunana ba.

Asumana, mai tashi kafin zakara,
shekara talatin kana share wuyan tanda,
naka wuyan wa ya share maka?
Mun ji tarin, muka ce sanyi ne.
Likita ya ɗaga hoto ga taga,
ya nuna mana baƙi a inda ya kamata fari.
Babu sarƙar da ke shiga nan,
babu buhu.

Tsagar ta bi ta gefen babban yatsa.
Na cika ta a hankali, na shafe,
na kewaye sawun, ban taɓa shi ba.
Na ɗora nawa a kai, don in gwada.
Ya fi ni faɗi har yanzu.

Arzika ya leƙo: Ka mutu ne a ciki?
Na ce miƙo ruwa.

Yau ba a hura babbar wuta,
'yan ƙirare kawai, laka ta sha a sannu.
Na koma waje, na ɗaga kai.
Hayaƙi ya fita siriri, a miƙe,
bai tsaya gaisawa da kowa ba.
Na ce wa yaron ya jiƙa yisti,
buhu ɗaya da rabi za mu kwaɓa,
gobe Asabar, jibi kasuwa.