Hawan Dutsen Kagoro da Gwiwa Ɗaya

Da asuba na bar Kafanchan a bayan ɗan acaɓa,
sandar gora a hammata, ƙosai biyar a leda.
Likita ya ce kar in hau ko matakalar bene.
Likita bai san Bobai ba.

A gindin dutse jikansa Didam na jira,
takalmin roba, waya mai tsagaggiyar fuska.
Ya ce, "Baba, za ka iya?"
Na ce shekara talatin da ɗaya ina ɗaure ƙusoshin layin dogo,
dutse bai fi ƙarfe taurin kai ba.
Ƙarya na yi. Ya fi.

Hanya ta fara da ladabi, cikin gonakin citta,
jar ƙasa jiƙe da ruwan daren jiya,
sai ta miƙe tsaye kamar mai neman rigima.
Gamba ta kai mini kafaɗa,
raɓa ta wanke mini wando har ƙugu.
Wata mata ta gangaro da buhun acca a ka,
goyo a baya, tana cin gyaɗa,
ta gaishe ni har da tambayar mutanen gida.
Da hannu na amsa. Numfashi ya yi tsada.

Hutun farko a ƙarƙashin ɗorawa.
Na biyu ba a ƙarƙashin komai ba.
Na uku ba hutu ba ne, santsi ne ya zaunar da ni,
gwiwa ta yi kukan ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba,
rema biyu a kan falale suka daina kiwo suna kallo.

Da Bobai muke hawa nan Asabar ɗin ƙarshen wata,
albashi a aljihu, bashi a ƙasa yana jiranmu.
Juma'a tawa ce, Lahadi tasa,
Asabar kuwa ta dutse.
Yana gaba yana fito, ina baya ina zaginsa,
kullum sai ya ce saura kaɗan,
kaɗan ɗin Bobai kuwa awa guda ce.

Sai ga sama, ba sallama.
Itatuwa sun ja da baya, ciyawa ta gajarce,
iska ta shiga rigata ta kumbura ta kamar ta mai kuɗi.
Duwatsu zube kamar shanun da suka ƙoshi,
wasu bisa wasu, ba wanda ya tallafe su.
Gajimare na wucewa ta ƙasa da tafin ƙafata.
Na ga bayan shirwa.
Shekara nawa rabon da in ga bayan shirwa?

Can Kafanchan, rufin kwano kamar an watsar da canji,
layin dogo zare ɗaya, ba abin da ke tafiya a kansa.
Na nemi gidana ban gane shi ba,
gidan da na ƙi barci shekara tara don in gina.

Didam ya nuna wani dutse mai lotsawa a tsakiya.
Ba sai ya nuna ba.
Na zauna a gefensa, ban hau kai ba.
Na raba ƙosai, biyu nasa, biyu nawa,
na biyar ya rasa mai shi.

Da inuwa ta karkata yaron ya ɓace bayan falale,
ya dawo da ruwa a yankakkiyar gora,
ruwan kwarmin dutse, mai sanyin da ke kama haƙori.
Ya ce, "Kaka ya ce in ka zo,
in azahar ta yi, nan ake ɗebo maka,
kuma gabas tana wajen tsagar can."
Sai ya juya baya yana latsa waya
kamar bai faɗi komai ba.

Na daɗe a alwalar fuska.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan Bobai bai taɓa yarda ba.
Na dafa kafaɗar yaron, sanda na laluben gaba.
Wajen ɗorawa na tambaye shi ko da saura.
Ya ce saura kaɗan.